Dokin da Aka Ba Jakadu Uku

Sau uku aka yi kyauta da dokin Pagma, kuma ko sau ɗaya ba ita ta yi kyautar ba.

Dokin ba shi da suna. Wa yake raɗa wa doki suna a kwarin Tamir? Launinsa ake kira. Shi bidi ne, don haka Bidi ake ce masa, in kuwa ana so a bambanta shi da wani bidin sai a ce mai tsagaggen kunne, saboda tun yana duƙushi kyarkeci ya kai masa cafka ya tsaga masa kunnen hagu. Ba wani kyau ne da shi na ku zo ku gani ba. Tafiyarsa ce dai babu irinta. Ba ya sassarfa, ba ya jijjiga mahayi. Ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, ya bi ƙasa sumul, ko kwanon madara ka riƙe a kansa ba za ka zubar da ɗigo ba.

Wannan tafiya kuwa ita ce ƙafafun Pagma. Tun shekarar da ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu, ƙashin ya haɗe a karkace, ba ta iya hawa wani doki. Duk wanda ta gwada, kafin ta kai bakin kogi hawaye ya wanke mata fuska. Bidi ne kaɗai. Kullum da safe shi zai kawo kansa wurin turke, ya juya mata gefensa na hagu, ya tsaya cak har ta gama kiciniyar sa ƙafa a likkafa. Da shi take bin tumakinta da awakinta. ’Yarta Norjma, wadda ke aure a Ulanbator, babban birninmu, ta daɗe tana yi mata naci ta baro daji ta koma birni, ta zauna a ƙuryar ɗaki cikin hayaƙin kwal tana renon jikoki. Da nacin ya ishe ta sai Pagma ta ce, “Ranar da kika ji na kasa hawa doki, turo mota ki kwashe ni, ba zan yi gardama ba.” Pagma kuwa ba ta magana biyu. Kowa ya san da wannan alkawari, har da Sodnom.

Sodnom ɗan ƙaninta ne. Ita ta raine shi bayan uwarsa ta rasu, ita ta fara ɗora shi a kan sirdi. Yanzu yana aiki a birni, a sashen da ke tarbar manyan baƙi, kuma aikinsa shi ne ya san wa zai zauna a dama, wa zai zauna a hagu, tutar wa ba za ta fi ta wa tsawo ba. Kada ka raina wannan aiki. Mu da ba mu da teku, ba mu da maƙwabta sai guda biyu, kuma kowannensu zai iya haɗiye mu ba tare da ya nemi ruwa ba, ai a kan tsawon tuta muke kwana muke tashi. Ko sunayensu ba ma cika kira ba. Maƙwabcin Arewa, Maƙwabcin Kudu, kowa ya san su.

Da bazara Sodnom ya zo da farar mota. Ya shiga tanti, ya karɓi shayin gishiri da hannu biyu, ya tambayi lafiyar dabbobi kamar yadda aka koya masa. Sannan ya yi gyaran murya.

“Gwaggo, aron Bidi na zo yi.”

“Aro? Kai da mazaunanka suka manta sirdi?”

“Ba ni zan hau ba. Jakadan Arewa ne zai kawo ziyara. Kyauta za a yi masa da shi.”

Pagma ta ajiye ludayi. “Maimaita in ji.”

“Haba Gwaggo, kin san al’adar. Kyauta ce ta baki. A miƙa masa ragama, ya raɗa suna, a ɗauki hoto, ya tafi ya bar dokin a hannun makiyayi. Ina zai kai doki, gidan sama? Da yamma Bidi yana turkensa.”

“To dawakin gwamnati sun ƙare ne?”

“Mutumin yana da ciwon baya, kuma yana son ya hau. In ya faɗo, hunturun nan ba mu ba man fetur, don daga wurinsu yake zuwa.”

Ta dube shi. Yaron da ta goya ne. Ta yarda.

Jakadan ya zo, wani narkeken mutum mai jar fuska. Ya hau Bidi ya kewaya fili, ya dawo yana ƙyaƙyata dariya, ya ce tun da yake bai taɓa hawa abu mai daɗi haka ba. Aka ɗaura wa dokin shuɗin ƙyalle, aka miƙa masa ragama, ya ce ya sa masa suna Tsawa. Tsawa fa, dokin da ko takunsa ba a ji! Pagma tana can baya cikin masu zuba shayi, babu wanda ya nuna ta ya ce ga mai dokin. Da yamma Bidi ya dawo turkensa kamar yadda aka ce, ta wanke masa baya da kanta, ta ce maganar ta wuce.

Ina! Ba a yi sausayar tumaki ba sai ga farar motar ta sake tayar da ƙura. Ranar Gombo yana nan. Gombo ƙanin marigayi mijinta ne, tantinsa na hayin kogi, tsoho mai haƙori uku da baki kamar reza, kuma tun tana amarya suke tsokanar juna. Yana ganin motar ya ce, “Matar Yaya, ɓoye tukunya, ga gwamnati nan.”

Wannan karon Sodnom bai ko taɓa shayin ba.

“Jakadan Kudu ya ji labari,” in ji shi. “Mutanensa sun aiko cewa shi ma zai kawo ziyara, kuma suna fata kyautarsa ba za ta gaza ta wancan ba. Har tafiyar dokin suka ambata. Mun bi larduna muna nema, Gwaggo. Wanda ya kai shi tafiya bai kai shi tsayi ba, wanda ya kai shi tsayi yana cizo.”

“Sai aka yi yaya?”

“Sai na ce, ai doki ba ya magana.”

Gombo ya tuntsire da dariya har taba ta sarƙe shi. Pagma ba ta yi dariya ba.

“Kai Sodnom! Abin da ka ba wani shi za ka sake ba wani? A gidan nan ka koyi haka?”

“A gidan nan na koyi cewa faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Gwaggo, gashin awakin nan da kike tajewa, wa yake saye? Kudu. Kwal ɗinmu ina yake zuwa? Kudu. In suka ce na’urar kan iyaka ta lalace, motocinmu sai su yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ba za su ce sun yi fushi ba, ba sa taɓa cewa. Na’ura ce kawai za ta lalace.”

“Gaskiyarsa,” in ji Gombo. “Dubi babur ɗina. Ƙarfen na Kudu, man na Arewa. Nawa a ciki shi ne faɗuwa.”

“Kai kuma rufe mana baki, tsohon banza.”

Amma ta sake yarda. Me za ta yi? Aka kai Bidi wani kwari daban don kada duwatsun hoto su zama iri ɗaya, aka sa masa wani sirdi, aka saki ƙyallen ya sauko ya ɗan rufe kunnen. Jakadan Kudu siriri ne mai tabarau, bai yi dariya ba, sai dai ya sa an gwada tsayin dokin da igiyar awo, aka raɗa masa wani abu a kunne, ya gyaɗa kai. Ya sa masa suna Zumuncin Shekara Dubu.

Wanda ya yi biyu kuwa zai yi uku. Da kaka sai ga jakadiyar wata ƙasa daga ƙetaren teku, irin waɗanda mutanen birni ke kira maƙwabci na uku, ko da yake ba mu haɗa ko taku ɗaya na iyaka da su ba. Muna lallaɓa su ne don biyun nan su san muna da wasu abokai. Ita kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin duwatsunmu take so. Ta rungume wuyan Bidi, ta sumbace shi a hanci, ta ce sunansa ’Yanci. Iska ta kwashe ƙyallen, aka ɗauki hoton da tsagaggen kunne tsaye ƙiƙam.

Daga nan Gombo ya samu abin yi. In ya hango ta a kan doki sai ya cire hula ya rusuna. “Ranka ya daɗe Tsawa! Barka da kiwo, Zumuncin Shekara Dubu! ’Yanci, ya gajiya?” Ya ce a duk faɗin ƙasar babu mai muƙami kamar dokin nan, ya kamata a yanka masa albashi. Pagma ta ce, “Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi Sodnom an ƙara masa girma, ni da Bidi ko godiya.” Amma a ranta ta ɗauka an gama. Maƙwabtan ai sun ƙare.

Hunturu ya zo ya wuce, ciyawa ta sake fitowa, aka fara shirin bikin tsakiyar damina na lardi, da kokawa da sukuwa da harbin baka. Wata safiya Pagma tana tatsa sai ta ji ƙugin mota. Ba farar ba ce. Babbar mota ce ta ɗaukar dabbobi, da ƙattai biyu a baya riƙe da igiya, Sodnom yana gaba. Da ya sauko ta ga ya rame, kwat ɗinsa tana lilo a jikinsa. Bai shiga tanti ba, bai tambayi lafiyar dabbobi ba.

“Gwaggo, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Dukkansu uku za su zo bikin nan.”

“Su zo mana. Fili ya yi kaɗan ne?”

“Kowannensu ya aiko cewa zai buɗe biki a kan dokinsa.”

Ta miƙe a hankali, tana dafa ƙugu. “To ku nemo bidaye uku.”

“Da tsagaggen kunne? Da tafiyar nan? Hoton yana rataye a ofishin kowannensu. Na Kudu har tsayinsa ya sani. In suka gane, Gwaggo, ba dariya za su yi ba. Na Arewa zai ce mun mai da shi wawa a gaban na Kudu. Na Kudu zai ce ragowar wani muka ba shi. Ita kuma ta ƙetare gobe duniya ta ji. Gaba kura, baya siyaki.”

“Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni na aike ka?”

“An yanke shawara a sama,” in ji shi, yana kallon takalmansa. “Za a gaya wa kowanne a keɓe cewa dokinsa bai tsallake hunturu ba. Amma za su zo kwarin nan, da direbobinsu da masu hotonsu. Ba zai yiwu a ce ya mutu ba, alhali yana yawo.”

Sai a lokacin ta gane aikin motar. Ta dubi ƙattan, ta dubi igiyar, ta dubi Bidi da ke tsaye a turke yana jiran sirdi. Ta yi jifa da bokitin madara, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, farar madara ta malale a ƙasa.

“Mahauta za ka kai shi? Kai? Kai da na ɗaure a bayana ina bin tumaki cikin dusar ƙanƙara? Tir! Tir da wannan aiki naka! Me dokin nan ya yi muku? Ya ɗauki mai ciwon baya bai kayar da shi ba, ya tsaya an gwada shi kamar yadi a kasuwa, an sumbace shi a hanci bai yi cizo ba. Ya yi muku aikin da ku masu kwat kuka kasa. Ladansa ke nan, wuƙa?”

“Za a ba ki wasu dawakin, Gwaggo, zaɓaɓɓu.”

“In hau su da wane ƙugun?”

Ya san amsar, ya san alkawarin Norjma, ya san komai. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: bai manta ba, ya dai auna ne ya ga ba ta kai nauyi ba. Can ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

“Kina ji kamar ina so ne? Rabona da barcin kirki tun da saƙon nan ya zo. In aka rufe famfon mai da hunturu, ba jakada ne zai daskare ba. Motar asibiti ce za ta tsaya a hanya da mai naƙuda a ciki. Doki ɗaya ne, Gwaggo. Mu ƙanana ne. Ƙanana ba sa zaɓar abin da za su bayar.”

“Ku ba ku zaɓa ba, amma kun iya zaɓar wanda zai bayar.”

Ta ɗingisa ta je ta tsaya tsakanin dokin da ƙattan. Ɗaya ya tako, ta ɗaga sandarta, ya koma. Ta san sanda ba za ta hana komai ba. In sun tafi yau, gobe za su dawo da ɗan sanda. Ta sa hannu a gezar Bidi, ta ɗaga kai ta dubi dutsen da ke gabas da kwarin, wanda ba ma kiran sunansa sai dai mu ce Mai Alheri. Akwai hanya guda, ta gan ta sarai, kuma ta ga abin da za ta ci mata.

“Ba za a yanka shi ba,” in ji ta. “Zan ba Mai Alheri shi.”

Ƙattan suka dubi juna. Duk ɗan makiyayi ya san wannan. Dabbar da aka keɓe wa dutse, lama, malamin ibadarmu, ya yi mata addu’a ya ɗaura mata zare a wuya, ta fita daga hannun mutane. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a aske ta. Ba a kuma sa mata sirdi har ta mutu, ko sarki ne.

“Ko jakada ba zai hau dokin dutse ba,” in ji Pagma. “Ni ma haka.”

Ta so a ce Sodnom ya yi jim, ko da na ɗan lokaci ne. Ta so ya ce, “Gwaggo, ke fa?” Ina! Fuskarsa ta washe nan take, tana gani yana lissafi, leɓɓansa suna motsi.

“A ranar biki,” in ji shi. “A gabansu duka. A ce dokin babban maƙwabcinmu ne aka ga ya cancanta, ba sai an faɗi wanne ba. Ba sa zama rumfa ɗaya, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Kowane tafinta ya gaya wa nasa... Gwaggo! Kin ceci ƙasa!”

“Doki na ceta. Kwashe motarka ka bar mini ƙofar gida.”

Ranar biki aka kafa rumfuna uku, tazararsu ɗaya, tutocinsu tsayi ɗaya, Sodnom da kansa ya gwada. Na Arewa a dama, na Kudu a hagu, ta ƙetaren teku a tsakiya amma an ɗan ja ta baya. Pagma ta zo a kan Bidi tun da sassafe, a hankali, ta bi doguwar hanya ta bakin kogi. A bayan rumfuna ta sauka, ta kwance majayi, ta sauke sirdin da hannunta. Gombo ya miƙo hannu zai karɓa, ta ce ya bari.

Lama ya zo da turaren ganye, ya kewaya dokin yana addu’a. Ya zuba masa madara tun daga goshi har gindin wutsiya, ya ɗaura masa zaruruwa masu launi a wuya. Aka cire ragama. Mai lasifika ya ce, albarkacin zumunci, an keɓe dokin babban maƙwabcinmu, amininmu na gaskiya, ga dutse mai tsarki, girmamawar da ba a taɓa yi wa wani baƙo ba. A kowace rumfa tafinta ya sunkuya ya yi raɗa.

Pagma tana tsaye rungume da sirdi, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na Arewa ya miƙe yana tafi da tafukansa kamar faranti, ya waiga ya harari rumfar Kudu yana murmushin na fi ka. Na Kudu ya gyara tabarau, ya yi tafi sau biyu, ya ɗan karkata kai wajen rumfar Arewa, shi ma da irin murmushin. Ta tsakiya har da share hawaye. Kowannensu ya ga tsagaggen kunnen, kowannensu ya tabbata nasa ne, kowannensu yana jin daɗin an ƙasƙanta sauran biyun a bainar jama’a. Da ɗaya zai taka ya je ya ce wa ɗaya sannu, da asiri ya tonu a take. Girman kai bai bar su ba.

“Kin ga manya,” in ji Gombo a kunnenta. “Su ne fa ke riƙe da duniya.”

Bidi ya girgiza madarar, ya waiga yana neman ta. A bayan babur ɗin Gombo ta koma gida, tana cije leɓe a kowane rami.

Rediyo ya kwana biyu yana yabon hikimar gwamnati. Sodnom ya aiko da buhun gari da shayi da akwatin alewa, Pagma ta ce wa direban ya mayar. Ya aiko da wani doki mai laushin tafiya, ta gwada shi, kafin ta kai bakin kogi ta sauko tana haɗa gumi. Ta koma bin tumaki da ƙafa, da sanda. Tumaki kuwa ba sa jiran gurguwa. Su bazu a kan tudu tana kallo, sai Gombo ya zo da babur ya tattaro mata su. Wata rana kyarkeci ya ɗauke mata ɗan rago da rana tsaka, tana ihu daga nesa, ko waigowa bai yi ba.

Bidi kuma babu wanda ya gaya masa an yi wani abu. Kullum da safe sai ya baro garke ya zo wurin turke, da zaruruwansa a wuya, ya juya mata gefen hagu ya tsaya. Ta kore shi, ya ɗan matsa, ya dawo.

“Matar Yaya,” in ji Gombo wata safiya, kuma ranar babu wasa a muryarsa, “hau abinki. Jakadu sun tafi. Lama yana can gidan ibadarsa. Wa zai gani? Ni dai makaho ne daga yau.”

“Shi fa?” Ta nuna dutsen da haɓa.

“Haba! Ai ya san dole aka yi miki.”

“Su sun yi wa maƙwabtansu uku ƙarya sun kwana lafiya, ruwansu. Ni maƙwabcina ke nan tun ina yarinya. A gindinsa aka binne cibiyata, a gindinsa aka kai yayanka. Na ba shi abu a gaban jama’a, sai in koma in sace? In na yi haka, da me na fi Sodnom?”

Gombo ya buɗe battar tabarsa, ya rufe, bai shaƙa ba.

Ita da kanta ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira Norjma. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Turo motar.”

Ciyawa ta fara ja lokacin da motar ta zo, wata tsohuwar akori-kura, da Norjma a gaba. Aka kwance tanti, aka naɗe, aka ɗora murhu da akwatuna da gado. Dabbobi ta bar wa Gombo. Sirdin ne kawai ta ƙi bari, ta ce a sa mata shi kusa da ita. Ta ƙi shiga gaba, ta hau baya ta zauna a kan naɗaɗɗen ɗakinta. Gombo ya yayyafa madara a bayan motar kamar yadda ake yi wa matafiyi, ya juya da sauri yana cewa hayaƙi ya shiga masa ido.

Ba su yi wani nisa ba, sun dai haye tudu na biyu, motar ta yi tari, ta yi tari, ta mutu. Direban ya sauko ya daki taya.

“Na faɗa! Rabin tanki suka ba ni a gari, wai rabo ake yi. Na ɗauka zai kai mu gidan mai na gaba.”

“Rabo kuma?” in ji Norjma. “Me ya faru?”

“Ba ku ji ba? Tun makon jiya Arewa ta tsayar da mai. Wai suna gyaran matata. Wasu sun ce saboda yarjejeniyar ƙarfen da aka sa wa hannu da mutanen ƙetare ne. Oho dai. Kudu ma an ce na’urar kan iyaka ta lalace.”

Pagma ta yi wata ’yar dariya marar daɗi. Fili ne iya ganinka, babu mota, babu tanti, waya ba ta kamawa. Tantin Gombo ne mafi kusa, kuma shi yana da ɗan mai a jarka. Direban ya ce ba zai bar motarsa da kaya a daji ba. Norjma ta dubi takalmanta masu tsini.

Sai suka hango Bidi yana saukowa daga tudun, sumul, kamar ba ya taka ƙasa, zaruruwan suna kaɗawa a wuyansa. Ashe tun daga gida yake bin su. Ya iso, ya kewaya motar, ya zo daidai inda Pagma take zaune. Ya juya mata gefensa na hagu ya tsaya cak.

“Yauwa!” in ji direban. “Ga doki, ga sirdi. Iya, taimaka mana ki je ki kira mai jarkar nan.”

“Inna,” in ji Norjma a hankali, “sau ɗaya dai. Lalura ce.”

Pagma ta dubi bayan dokin. Gashi ya riga ya rufe inda sirdi ke zama. Ta ɗora hannu a kan sirdin, ta ɗauke. Ta ce wa Norjma ta kama ta, ta sauko daga motar da ƙyar, ta karɓi sandarta.

“Ku jira,” in ji ta.

Ta kama hanyar tudun tana ɗingishi. Bidi ya bi ta, ya rage tafiyarsa daidai da tata. In ta tsaya ta huta, sai ya sha gabanta ya juya mata gefen hagu, ita kuma ta kewaye shi ta wuce.